Ɗalibin Da Ya Yi Shiru: Kada A Tura Shi, A Raka Shi

Wata ranar Laraba ce cikin watan Maris, lokacin da zafin Jimeta ke sa mutum ya nemi inuwa tun hantsi. Na fito daga babbar kasuwa ina neman keke napep, sai na hangi ɗan maƙwabcina zaune a kan benci a rumfar wani mai cajin waya, jakar littattafansa a kan cinyarsa. Wannan yaro kullum bayan sallar asuba nake jin ƙarar ƙofar gidansu in ya fita zuwa lakca a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. Na ce, "Ɗana, yau babu karatu ne?" Ya miƙe, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Bappa, malamin ne bai zo ba." Idonsa na ƙasa.

Bayan kwana biyar na sake samunsa a wannan benci, a wannan lokaci. Ran nan ban yi tambaya ba. Na sayi ruwan leda biyu, na miƙa masa ɗaya, na zauna kusa da shi. Mun daɗe muna kallon masu wucewa kafin ya buɗe baki. "Bappa, wata biyu ke nan rabona da aji." Kwas huɗu ya faɗi a zangon da ya wuce. Barci ya ƙaurace masa. In ya buɗe littafi sai ya maimaita shafi ɗaya sau biyar ba tare da ya riƙe komai ba. Mahaifinsa kuwa bijimi ya sayar ya biya masa kuɗin makaranta. Ya ƙare da cewa, "Don Allah kada ka gaya wa Baba."

Tun daga ranar nake kallon bencin masu shayi da rumfunan masu cajin waya da wani ido daban. Yaranmu nawa ne ke fita da jaka da safe, su dawo da yamma, iyaye na murna ana karatu, alhali yaro na ɗauke da dutse a ƙirjinsa? Abin da nake so in faɗa a yau guda ɗaya ne. In ka ga ɗalibi ya fara nutsewa, cewa "ka je ka ga mai ba da shawara" ba ta isa ba. Ka tashi ka kama hannunsa ku tafi tare.

1. Ruwa ba ya tsami banza

Yola garin makarantu ne. Ga Jami'ar Modibbo Adama a Girei, wadda aka kafa tun 1981 a matsayin jami'ar fasaha. Ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ban da makarantun sakandare da ke kowace unguwa daga Karewa zuwa Yolde Pate. Dubban matasa ke kwarara cikin garin nan daga Mubi, Ganye, Numan, Michika, Gombi, har da jihohin maƙwabta. Kowannensu ya zo da jakarsa, ya kuma zo da abin da ke cikin ransa.

Mu tuna wace irin ƙuruciya wasunsu suka yi. A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka tsallako Yola, wasu a mota wasu a ƙafa. Yaron da yake da shekara takwas a lokacin, wanda ya kwana a daji, ko ya zauna a sansanin Malkohi ko na Fufore, ko ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, shi ne ya girma ya zauna a ɗakin lakca. Waɗanda suka tashi a Jimeta ma ba su manta bama-baman 2015 ba, na kasuwa da na masallacin Jambutu. An share jini, an gyara rumfuna, kasuwa ta ci gaba da ci. Amma wa ya taɓa zaunar da yaran ya tambaye su me suke gani in sun rufe ido?

Sai kuma abin da ya biyo baya. Annobar korona ta rufe makarantu a 2020. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, har karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin keke da na abinci suka ninka, har wani ɗalibin sai ya zaɓa tsakanin kuɗin mota da abincin rana. A kan wannan duka ga nauyin gida: wani ɗan fari ne, ko shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, kowa na jiran ya gama ya ɗauki ƙannensa. Wani kuma likitanci aka zaɓa masa alhali zuciyarsa na kan noma ko lissafi. Wata kuma aure ne da goyo da karatu suka haɗe mata, ko wani ke matsa mata lamba a makaranta ta rasa wanda za ta faɗa wa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka ɗauki ajin sakandare mai ɗalibai saba'in ka yi lissafin da kanka. Saboda haka in yaro mai ƙoƙari ya fara faɗuwa jarrabawa, kafin a kira shi malalaci, a tambayi dalili.

2. Shirun da muka koya musu

Mu mutanen Fombina, wato ƙasar Adamawa, muna alfahari da pulaku, wato tarbiyyar Fulani, kuma mun cancanci yin haka. Kunya, wadda Fulani ke kira semtende, da haƙuri, wanda suke kira munyal, su suka sa yaron Yola ba ya ɗaga murya a gaban babba, ba ya kuka da yunwa a gidan mutane. Bahaushe ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka Bachama da Kilba da Margi da Chamba, kowa na da irin tasa tarbiyyar ta daurewa. Wannan tarbiyya ta yi mana rana, ba na neman a zubar da ita.

Sai dai mun koya wa yaro yadda zai haɗiye magana, ba mu nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa in maganar ta fi ƙarfin cikinsa ba. Ɗa namiji in ya ce ya gaji, sai a ce shi ba mace ba ne. 'Ya mace in ta yi shiru ta rame, sai a ce aure take so. In yaro ya daina barci, ya riƙa firgita, kafin a tambaye shi komai an riga an yanke cewa iska ce ko sammu. Ɗan fari kuwa, wanda a gidajen Fulani da Hausawa da yawa iyaye ke jin nauyin ko kiran sunansa, ta ina zai fara cewa, "Baba, na kasa"?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya rasa wanda zai saurare shi a gida zai samu a waje, kuma sau da yawa wanda zai samu shi ne mai miƙa masa ƙwaya ya ce za ta sa shi barci ko ta buɗe masa kai. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC ya nuna yadda yake cin matasan ƙasar nan. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda ɗan jihar nan Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a 2021, na ta kama dillalai. Amma jami'in NDLEA ba ya kwana a ɗakin ɗalibai. Abokin ɗaki ne ke fara gani, shi da uwa da malamin aji.

3. Wane ne mai ba da shawara, kuma me yake yi?

Da na fara yi wa yaron nan maganar ofishin ba da shawara na makarantarsu, abin da ya ce shi ne, "Bappa, ai ni ban haukace ba." Wannan amsa ce ke hana dubbai zuwa, don haka bari mu warware ta.

Mai ba da shawara mutum ne da ya yi karatun sauraron mutane da taimaka musu su warware abin da ya cukurkuɗe musu. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara shi a 1959 a wata makarantar 'yan mata ta Katolika a Ibadan, inda aka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban su yi wa ɗalibai masu fita bayani kan abin da za su yi a rayuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da masu wannan aiki a makarantu, kuma jami'o'inmu da kwalejojin ilimi sun daɗe suna yaye su. A manyan makarantu galibi akan same su ƙarƙashin sashen kula da harkokin ɗalibai.

Abu na farko da yake yi shi ne ya saurara ba tare da faɗa ko gori ba. Ƙa'idar aikinsa ita ce riƙe sirri, sai fa in ya ga rai na cikin haɗari. Wannan kaɗai babban abu ne ga yaron da ke tsoron maganarsa ta zaga unguwa. Na biyu, yana taimaka wa ɗalibi ya rarrabe matsalarsa gida-gida: wannan ta kuɗi ce, wannan ta tsarin karatu ce, wannan ta gida ce, wannan kuma ta lafiya ce. Abin da yake kamar tsauni in an rarraba shi sai ya zama duwatsun da za a iya ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na uku, ya san dokokin makaranta. Ɗalibai da yawa ba su san ana iya jingine karatu na zango ko shekara bisa ƙa'ida ba, ko a rage yawan kwasa-kwasai, ko a sauya fanni. Sukan ɓace kawai har a kore su, alhali takarda ɗaya da aka rubuta a kan lokaci za ta cece su. Na huɗu, ya san iyakarsa. In ya ga abin na likita ne sai ya tura asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, in ta kama har asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Likitoci suna gane shi da alamu: baƙin ciki ko mutuwar jiki da ya wuce mako biyu, rashin sha'awar abin da mutum ya saba so, rikicewar barci da cin abinci, kasa tattara hankali, da jin cewa ba ka da wani amfani. Yana da magani, na baki da na asibiti, kuma ana warkewa. Wani lokaci ma ƙarancin jini ne ko matsalar ido ko wani ciwon jiki ke kawo kasalar, gwaji ɗaya ya bayyana shi. Dokar ƙasa ma ta sauya. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa. Gwamnati ta gyara takardarta, saura mu gyara bakinmu.

4. Addu'a da neman magani

Wani zai ce, ai mai imani ba ya damuwa, a ba shi addu'a ya isa. Ni ma na yarda da addu'a, kuma ba na fatan ranar da yaranmu za su rabu da ita. Amma mu duba tarihin da muke karantarwa a makarantun allo da na Islamiyya. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya raunana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wahayi ya fara sauko masa a kogon Hira, gida ya koma jikinsa na rawa. Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, sannan ta tashi ta raka shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, mutumin da ke da sanin irin wannan al'amari. Ba ta tsaya ga lallashi ba, ba ta kuma ce ya tafi shi kaɗai ba. Tafiya ta yi da shi.

Malaman Musulunci ma ba su ɗauki ciwon zuciya abin kunya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan kula da lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma yi bayanin yadda ake magance kowanne. 'Yan'uwanmu Kirista su ma sun san fasto ko fada yakan yi wa mara lafiya addu'a, sannan ya sa shi a mota ya kai shi asibiti. In zazzaɓi ya kama ɗanka, kana tofa masa addu'a kana kuma sayen magani. Haka ya kamata a yi wa ciwon da ba a gani da ido. Limamai da fastocinmu su ne mutane suka fi fara kai wa kuka, saboda haka kalma ɗaya daga bakinsu, "ku kai shi a duba shi," ta fi huɗubar marubuci irina tasiri.

5. Yadda ake rakiyar

Labarin zuciya a tambayi fuska. In mai surutu ya koma shiru, in mai tsafta ya daina kula da jikinsa, in ɗalibi ya daina zancen makaranta ko ya riƙa ɓoye sakamakonsa, in ya rame ko ya yini a kwance, to lokacin magana ya yi.

Ka zaɓi wuri da lokaci. Kada ka tare shi a gaban ƙannensa ko a tsakar gida ana cin abinci. Ka ja shi ku taka zuwa masallaci, ko ka ce ya raka ka kasuwa. Matasa sun fi sakin baki in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba. Ka fara da abin da ka gani: "Na lura kwanan nan ba ka barci, me ke faruwa?" Sannan ka yi shiru ka jira. Kada ka yi saurin kawo labarin wahalar da ka sha a zamaninka, kada ka kwatanta shi da ɗan wane da ya fita da sakamako mai kyau, kada kuma ka tuna masa kuɗin da aka kashe. Ya fi ka sanin adadinsu, su ne ma ke hana shi barci.

In ya gama, ka gode masa da ya amince da kai. Daga nan ka gaya masa gaskiya: kai mai ƙaunarsa ne, amma akwai wanda ya fi ka sanin wannan aiki. Ka nemo inda ofishin yake da lokacin da ake buɗewa, ku sa rana, ka zo ka ɗauke shi. Mutumin da damuwa ta danne, tashi daga katifa ma aiki ne a wurinsa, balle ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar baƙo. In ya ƙi a karon farko, kada ka yi fushi, ka bar ƙofa a buɗe ka sake dawowa. In 'ya mace ce, adda ko goggo ko wata malama da ta yarda da ita ta raka ta, kuma tana da damar neman mace ta saurare ta.

Akwai wuri ɗaya da ba a jira. In ɗalibi ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce kowa zai huta in ba shi, kada ka ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. Ka tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da wani babba a gidan, a kai shi asibiti a ranar. A nan alƙawarin riƙe sirri ya ƙare, domin rai ya fi sirri.

6. Nauyin da ke kan makarantu

Rakiya ba ta da amfani in aka je aka tarar da ƙofa a kulle. A makarantun sakandare da yawa, malamin da ya karanci ba da shawara an ɗora masa darussa kamar kowa, ba shi da ɗaki, ba shi da lokaci. Wani wurin kuma ofishin nasa ya zama inda ake tura masu laifi, har yara suna ganin shiga can tabo ne. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da shugabannin makarantu su ware wa wannan aiki ɗaki mai ƙofa, a wurin da ba kowa ke ganin mai shiga ba, su kuma samar da mace da namiji. A manyan makarantu, a nuna wa sababbin ɗalibai wannan ofishi tun makon farko kamar yadda ake nuna musu ɗakin karatu. Malamin da ke kula da sakamakon aji, in ya ga ɗalibi ya faɗi kwas uku a zango ɗaya, ya kira shi tun kafin sunansa ya fito a jerin waɗanda za a kora. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Garin nan ya san rakiya. A 2014 gidajen Jimeta da Yola sun buɗe ƙofa ga waɗanda suka gudo, ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma. Masallatai sun ciyar, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocin Saint Theresa ga masu gudun hijira. Muna raka amarya ɗakinta, muna raka mara lafiya asibiti, muna raka mamaci makwancinsa. Ɗalibin da ke nutsewa a tsakiyarmu ya cancanci irin wannan tafiya.

Ranar Litinin da ta biyo bayan zamanmu a benci, na je na ɗauki ɗan maƙwabcina. A cikin keke bai ce uffan ba. Da muka isa ya tsaya a bakin ƙofa, na dafa kafaɗarsa na ce, "Shiga, ɗana, ina nan." Na zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro fiye da awa ɗaya. Da ya fito idonsa ya yi ja, amma ya ɗago kai ya dube ni. An taimaka masa ya rubuta takardar jingine zango, an tura shi ya ga likita. Bayan mako biyu, shi da kansa ya ce in zauna tare da shi ya gaya wa mahaifinsa. Dattijon ya daɗe yana jan carbi bai yi magana ba, sannan ya ce, "Bijimi ana sake samu. Me ya sa ba ka faɗa mini tun da wuri ba?"

Yaron ya koma aji. Har yanzu akwai kwasa-kwasan da yake biya, kuma akwai ranakun da suke yi masa nauyi. Amma ina jin ƙarar ƙofarsu bayan asuba, kuma yanzu na san inda yake zuwa.